Ram a Ɗakin Girkin Verlyn

Verlyn Noel ta haura sittin ba ta taɓa kai giya bakinta ba. A garin Gouyave da waƙar coci aka san ta, sai kuma suyar kifi. Amma tun da ɗanta Kester ya zo hutu daga Toronto da matarsa Shanelle, ba shi da zance sai haɗin giyar ram na surukarsa, Eudine.

"Mama, da kin ɗanɗana kin ji. Mami Eudine hannunta daban ne."

Kalmar Mamin nan ita ta tsaya wa Verlyn a wuya. Ita ta haife shi, ita ta yi jinyarsa da ƙyanda ta kwantar da shi, yau ga wata mai jan farce ta zama Mami saboda ruwan lemo da giyar rake.

Ranar Asabar ta shiga kantin Boyo, ta yi ta juya gwangwanin madara har mutane suka watse, sannan ta nemi kwalbar ram.

"Sista Verlyn, ke ce kuwa? Fasto ya sani?"

"Ba ni, ka ja bakinka. Yaya ake haɗa shi?"

Boyo ya danne dariya, ya ce lemon tsami ne da sukari da ruwan abarba, a zuba ram, a sa ƙanƙara, a goga gyaɗar ƙamshi a kai. Yawan kowanne kuwa, ya ce harshe ke faɗa.

Washegari da aka tashi daga coci ta gayyaci Kester da Shanelle cin abinci, har da Eudine. Ta matse lemo, ta narka sukari, ta tuttula ram da ido. Ta kurɓa, maƙogwaronta ya ɗauki wuta. Ta ƙara sukari ta kurɓa, zaƙi ya yi yawa. Ta ƙara lemo ta kurɓa, tsami ya danne komai, ta koma kan kwalba. Kafin baƙi su iso ƙasan ɗakin girkin ya fara karkacewa, ita kuma tana rera waƙar coci da ƙarfi.

Aka zauna, ta cika wa kowa kofi. Kester ya sha, tari ya sarƙe shi.

"Mama, wa ya haɗa wannan?"

"Uwarka. Wadda ta haife ka." Ta juya wajen Eudine, harshenta ya yi nauyi. "Sha mana, gwana. Tun da yaron nan ya sauka ba na jin sunan kowa a gidana sai naki."

Shanelle ta sunkuyar da kai. Eudine ta ɗaga kofin ta shanye tas, ta goge baki.

"Zai ka da jaki, amma lemonsa na gaske ne. Nawa haɗaɗɗe nake saya a kwalba, 'yar'uwa. Gyaɗar ƙamshi kawai nake gogawa a kai."

Verlyn ta gyara zama, tana jira ta ga fuskar ɗanta ta canja. Sai Kester ya kwashe da dariya, ya rungumo kafaɗar Eudine.

"Mami, ashe wayo kike mini?"

"Sake ni, ɗan banza," in ji Eudine, tana dukan hannunsa tana dariya.

Verlyn ta zuba musu ido. Rabon da Kester ya yi irin wannan wasa da ita tun yana makaranta. Ta miƙe za ta kawo kifi, kujera ta nemi guje mata, Shanelle ta riƙe ta ta kai ta ɗaki.

Tana kwance, rufi na juyawa, tana jin su a ɗakin girkinta suna wanke kwanukanta, Eudine na tambayar Kester inda ake ajiye cokula. Shanelle ta shigo da ruwan sanyi, ta zauna a bakin gado.

"Je ki ce mata kada ta taɓa mini kasko," in ji Verlyn, ta juya fuskarta ga bango.