Hannu Baya

Sifili Malama ta ba ni a aikin farko. Ni, mai shekara arba'in da uku, da 'ya'ya huɗu, wadda ta shekara goma sha shida tana riƙe da ɗakin ajiyar takardun kotu ba a taɓa neman fayil an rasa ba. Kuma amsata daidai ce!

Mu ashirin ne a ajin, duk manya, muna karatun binciken laifukan kwamfuta a jami'a ta intanet. Akwai tsohon ɗan sanda, da mai gyaran waya, da wata ma'aikaciyar jinya da ke shigowa da kayan aiki a jikinta. Kowace Asabar bayan la'asar Malama ke bayyana a allo, kyamararta a karkace, rabi fuskarta rabi fankar silin. Kafin ta gama sallama sai ta ce, "Hannu baya!" Shi ya zama sunanta a wurinmu.

Aikin shi ne ta turo mana abin da aka kwaso daga wata kwamfuta, mu gano wanda ya goge wata wasiƙa. Na gano cikin awa ɗaya. Da na ga sifilin, na kunna makirufo raina a ɓace.

"Malama, ban gano mutumin ba ne?"

"Kin gano shi, Hajiya. Amma asalin kika buɗe, ba ki yi kwafi ba. Da a gaban alƙali ne, ke kika sake shi da hannunki."

Tsohon ɗan sanda ya yi dariya har da tari. Na kashe kyamara, na ce wannan mata ta cika tsirfa. Sati uku ina gaishe ta ciki-ciki.

Sai ga abin da ya faru da Baba. Kafin Inna ta rasu, da ta ga jikinta ya ƙi, ta naɗi muryarta a ƙaramar wayarsa tana tuna masa magungunansa. Shekara biyu kullum da safe sai ya kunna, ya amsa mata da "To, na ji," sannan ya sha. Ran nan yatsa ya zame, ya goge duka. Kwana huɗu ya ƙi shan maganin hawan jini. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, ya ce bakinsa ne ba ya so.

Na isa gidan ranar Juma'a na tarar da Yaya a falo da wayar, ya riga ya ɗauki hotuna biyu wai yana gwada ko katin ajiya na aiki, yana shirin saka wata manhaja da abokinsa ya ce tana dawo da komai.

"Hannu baya!" na daka masa tsawa.

"Ke, ni kike wa ihu?"

"Yi haƙuri, Yaya, kashe ta kawai. Duk abin da ka saka sabo, a kan muryar Inna yake sauka."

Na zare katin na naɗe a takarda. Wallahi ni ma hannuna ƙaiƙayi yake yi in soka shi a kwamfuta in gani. Sifilin nan ne ya hana ni.

Washegari bayan darasi na roƙi Malama ta tsaya, na faɗa mata komai. Na zaci za ta ce in turo mata ta yi. Ina! Sai ta gyara tabarau.

"Ɗauko takarda. Daga hannun wa kika karɓa? Ƙarfe nawa? Wa ya taɓa kafin ke?"

"Malama, muryar uwata ce fa, ba shari'a ba."

"Shi ya sa. Shari'a ana ɗaukaka ƙara, wannan kuwa sau ɗaya ne."

Na ɗauko takarda na rubuta. Ta sa na saka katin a gidansa, wato babban katin da ake zura shi a ciki kafin a soka a kwamfuta, na ja ɗan makullin gefe da ke hana a rubuta komai a kai, na nuna mata a kyamara har sau biyu. Muka yi kwafi. Ta sa na karanto doguwar lambar da ke tabbatar da kwafi bai bambanta da asali ba, harafi bayan harafi, tana bi da bakin biro. Awa biyu muka yi. An leƙo an kira ta cin abinci, ta ɗaga hannu ba ta ko waiwaya ba. Ban taɓa ganin mai haƙuri da aiki irin matar nan ba, kuma na ji kunyar gaisuwar da na riƙa yi mata.

Da muka bincika kwafin, cikin saƙonni goma sha ɗaya da Inna ta naɗa, uku suka dawo lafiya. Sauran hotunan Yaya sun hau kansu, hoton kujera da na ƙafarsa. Da na kai hannu zan kunna, Malama ta ce, "Dakata in fita. Wannan ba nawa ba ne." Ta kashe.

Da safe na kai wa Baba a tsohuwar wayata, katinsa kuma na rufe a ambulan. Yana zaune bakin gado, kwalbar magani na nan inda na bar ta. Na danna.

"Malam, farar ƙwayar, bayan ka karya. Kada ka ce ka manta, na san halinka."

Baba ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya miƙo mini hannu.

"To, na ji," ya ce. "Ba ni ruwa."