Rigar da Aka Jefa a Ganga

Kun gan shi, kada wani ya ce mini bai gani ba. Shekara biyu Baba yana wucewa ta gaban shagon aski, suma ta cukurkuɗe, wando na zamewa daga ƙugunsa don rama, ku kuwa kuna kan benci kuna ɗaga masa hannu: "Makanike, ya ƙarfe?" Ya ce lafiya lau, ku koma hirar ƙwallo. Tun da aka binne Mama, babu namiji ɗaya a layin nan da ya tambaye shi yadda yake kwana.

Ni ma ban fi ku ba. Ni, 'yarsa, na rubuta wa shirin talabijin ɗin nan na ranar Asabar, wanda ake ɗauko mutum a yamutse a mai da shi ɗan gayu cikin minti arba'in. Ina son shirin. Ina son lokacin da ake yaye labule, iyali su rungume juna suna kuka. Na ɗauka abin da ya lalace a gidanmu almakashi zai gyara shi.

Suka zo gareji da kyamara uku. Baba ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu da tsumma.

"'Yar nan, me kika janyo mini?"

"Yini ɗaya ne kawai, Baba. Don Allah."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye sifana.

Aka kai shi gidan talabijin, aka yi masa aski. Aka jiƙa hannunsa a ruwan ɗumi har baƙin man shekara talatin ya fita daga farcensa. Aka sa masa kwat. Sai aka zo kan gangar shara. Al'adar shirin ce: kowane baƙo zai jefa tsohuwar tufarsa a ganga, 'yan kallo na ƙirga masa. Aka miƙo wa Baba rigar aikinsa, shuɗiya, mai faci a gwiwar hannu biyu. Mama ce ta ɗinka facin da allura. Na hagun a gadon asibiti ta yi shi, shi ya sa ɗinkin ya karkace.

"Wannan a bar mini ita," in ji Baba.

Mai gabatarwa ya juya ga 'yan kallo yana dariya. "Kun ji tsohon mutum yana magana! Jama'a, mu taimaka wa Baba. Ɗaya! Biyu!"

Baba bai iya kunyata mutum a bainar jama'a ba. Ya saki rigar. Sai ya rufe fuska da hannayen nan da aka wanke, ya yi kukan da bai yi ranar jana'iza ba, don ranar kun riƙe masa kafaɗa kuna cewa, "Haba, kai fa namiji ne."

Da aka nuna shirin, babu roƙonsa a ciki. Sun yanke shi. Kukan suka ɗauko suka liƙa bayan inda ya ga kansa a madubi, suka sa kiɗa mai taushi, mai gabatarwa ya ce hawayen farin ciki ne.

A shagon aski kuka kalla, ina tsaye a bakin ƙofa. Na ga Dogo direba yana share ido da hula. Mai aski ya kashe injinsa yana jan hanci, wai hoda ce ta shige shi. Na koma gida da murna, na ce yau dai maza sun ga Baba.

Washegari ya fito zai tafi gareji.

"Amarya ta fito!" in ji Dogo. "Makanike, a ara maka hankici?"

"A'a, jan baki ya rage a sa masa," in ji wani.

Benci ya ɗauki shewa. Baba ya yi murmushi, ya juya, ya koma gida.

Na je gidan talabijin neman rigar. Mai gadi ya ce kullum da yamma motar shara ke kwashe gangar. Da na gaya wa Baba, cewa ya yi, "Ba komai, 'yar nan. Alheri kika nufa."

Yau kwana tara bai buɗe gareji ba. Kwat ɗin na rataye a ƙusa cikin ledarsa. Baba na zaune a bakin gado, hannu bisa gwiwa, farce tas.

Dogo, na ga hawayenka. Mai aski, naka ma na gani. Kun iya yi wa akwatin talabijin kuka, amma mutumin da ke gyara muku mota kun mai da shi abin dariya. Ku tashi daga bencin nan yanzu. Ƙofarmu a buɗe take. Kada ku zo masa da wa'azin haƙuri, ya ƙoshi da shi. Ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi wa ya ɗinka facin hannun hagu, in ya fara kuka kuma ku bar shi ya gama.