Matar da Ta Yanke Cibiyar Niwagaba

Niwagaba ɗan acaba ne a garin Kabale, kuma Allah ya ba shi matar aure. Komai ya kammala, sa rana kawai ya rage, dangin yarinyar suna jiran amsa ranar Lahadi in an taso daga coci. Sai mahaifiyarsa Kyomugisha ta kafe, ta ce ba rana ba wata sai an gaya wa Mukandori baki da baki.

Mukandori 'yar Ruwanda ce da ta daɗe tana maƙwabtaka da su. Ita ta karɓi haihuwar Niwagaba a tsakiyar gonar dankali, ta yanke masa cibiya, ba a jima ba ta koma ƙasarsu. Shekara talatin ke nan ba wadda ta ji ɗuriyar 'yar'uwarta.

"Mama, to ina gidan nata yake?"

"A kan wani tudu, in an wuce gonakin shayi."

"Mama, ƙasar tasu fa gaba ɗayanta tudu ce."

"Ka ga ba za mu rasa tudun ba ke nan. Je ka sha mai."

Ranar Asabar da sassafe ya ɗaure jarkar zuma da ɗan buhun dawa a bayan babur, ya kifa wa tsohuwar hular kwano a kan ɗankwalinta, suka kama hanya. Ƙarfe bakwai sun ƙetare iyaka a Katuna. A gida hannun hagu ake bi, nan kuwa dama. Niwagaba ya san da haka, amma hannunsa bai sani ba. Da sun sha kwana sai babur ya sulale hagu, sai ya ji mintsini a haƙarƙari.

"Dama, kai! Ni ban zo ƙasar mutane in mutu ba."

Suka bar kwalta suka kama jar hanya. Gonakin shayi sun cika kwari, kore shar, raɓa ba ta gama bushewa a kansu ba. Sama da su ayaba ce da wake, an yanka wa tudu matakala har can ƙoli. Tsohuwar ba ta rufe baki ba. Ta yaba kunyoyin wani, ta kushe na wani, ta ce saniyar can ƙaho ne kawai ba nono. Shi dai yana ta lissafi a ransa: in ya tsaya a ƙauye goma kafin azahar yana tambaya, da wuya a rasa wanda ya san matar.

Abin da bai lura da shi ba, tun ɗazu ba su gamu da ko keke ba. Suna shan wata kwana sai ga igiya an gitta a hanya, mutane sun fi hamsin, maza da mata, kowa da fartanya ko shebur, suna yashe magudanar ruwa. Ya taka birki. Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar umuganda, aikin gayyar da ke tsayar da kowane abin hawa har ƙarfe sha ɗaya. Ya sha jin labarin a bakin direbobi, zancen aure ya mantar da shi.

Mai unguwa ya matso, wani dogon dattijo mai suna Sebahire. Ya leƙa lambar babur ya yi murmushi. Harshen nasu ba ɗaya ba ne, amma in an yi a hankali ana gane juna.

"Ɗan Kabale, ina zuwa da gudu haka?"

"Baba, ka yi wa Allah ka ɗaga mini igiyar nan. Aurena ne a kai." Ya kwashe labari ya gaya masa.

"Mukandori? A tudun nan kaɗai muna da huɗu, biyu sun rasu. Aure ba ya gudu, ɗana, ruwan sama ne ke gudu da hanya. Riƙe nan." Ya miƙa masa shebur.

Niwagaba ya cire farar rigarsa ya rataye a kan madubi, ya shiga laka. Yana haƙa yana duban rana. Samarin ƙauyen suka sa shi a gaba, wai mutumin da ya saba zama a kan kujera mai taya ina ya san shebur. Ya ce su bari a tashi ya ba su babur ya ga wanda zai kai ƙasan tudu da haƙoransa. Suka bushe da dariya, amma shi dariyarsa ba ta kai ciki ba. Awa uku za ta tafi a banza, gobe kuma Lahadi.

An kawo wa Kyomugisha kujera a inuwa, ta ce ita ba gurguwa ba ce. Ta karɓe fartanyar wata yarinya, ta ɗaure zani, hular kwanon tana nan a kanta. Da aiki ya yi daɗi sai ta ɗaga murya da waƙar noman matan Kabale, wadda ake buga ƙafa a ƙasa duk sara uku. Muryar ba daɗi, amma tana kai tudu na gaba. Niwagaba ya sunkuyar da kai don kunya.

Wata mata mai goyo ta dakata da sara, ta riƙe ƙugu.

"Iya, ke kuma ina kika samo wannan ihun? Da shi surukata take tashinmu kullum da asuba. Har da buga ƙafar, ga ta da ciwon gwiwa."

Kyomugisha ta yar da fartanya. "Tana da wushirya?"

"Da can dai. Yanzu bakin gaba ɗaya wushirya ne."

"Ni na koya mata! Niwagaba, tayar da babur!"

Sebahire ya duba agogo ya girgiza kai, saura minti arba'in. Ba wanda ya taɓa ganin shebur na tashi da sauri irin na Niwagaba a wannan minti arba'in ɗin.

Da aka tashi, mai goyon ta yi musu kwatance. Gidan na can ƙolin tudu, inda babur ya gaza suka ƙarasa da ƙafa, shi ɗauke da zuma da dawa. Mukandori na zaune a tabarma tana ɓarar wake. Ta dubi baƙuwar ta ce wace ce wannan mai tukunya a ka. Kyomugisha ta cire hular. Suka yi ta kallon juna, sannan suka rungume, suna kuka suna dariya, kowacce na cewa ɗayar ta fi tsufa.

Can Mukandori ta share ido ta nuna shi. "Wannan ƙaton shi ne na gonar dankali? Matso. Ɗaga rigar in ga aikina."

"Kaka, a gaban mutane?"

"Da na fara ganinka ko wando kana da shi?"

Ya ɗaga. Ta sa yatsa ta danna cibiyar, ta gyaɗa kai. "Da lauje na yanka, amma dubi yadda ta zauna. A ba shi mata."

Aka kawo kunun dawa mai tsami da dafaffen wake da ayaba. Tsofaffin biyu suka haɗa kai suka tsayar da rana, Asabar ta biyu bayan an cire dawa. Mukandori ta ce da ita za a yi, kuma a kan wannan babur ɗin za ta je, in dai zai zo da wuri.

"Zan zo, Kaka," in ji Niwagaba, "amma sai na duba kwanan wata tukuna."

Da la'asar suka gangaro. Magudanar da ya yashe tana ta zubar da ruwa a gefen hanya, ya rage gudu ya nuna wa mahaifiyarsa wurin da ya haƙa. Ta ce ya yi kyau, sannan ta mintsine shi, don ya sake komawa hagu.