Ta Sha Mai, Ta Ƙi Shan Kwana

Barrak, wanda kowa ke kira Bu Sagar, ya ƙare ƙuruciyarsa kaf a harkar man fetur, kuma da ya yi ritaya aƙida ɗaya tak ya fito da ita: mai bai taɓa ɓata komai ba. Ƙofa ta yi ƙara, a sa mata mai. Shinkafar machbus ta bushe, a ƙara mai. Ƙasa ta shiga matsala, a haƙo wani. A ofis an san shi da wata dabara ta rabuwa da tsofaffi ba tare da ya yi baƙin jini ba. Idan dattijo ya tare wa yara kujera, sai Barrak ya kira taro, ya naɗa shi babban mai ba da shawara, ya miƙa masa kwalbar turaren udu, a yi tafi. Daga ranar ba mai sake neman shawarar bawan Allah ko a kan launin labule.

Yanzu ga shi shi ma a gida. Wayar da a da ba ta hutawa ta yi gum, 'ya'ya sun yi aure sun watse. Wuri ɗaya ya rage a duk Kuwait da in bai zo ba za a duba agogo a ce ina Bu Sagar, wato gidan bolin na Salmiya, inda ake mirgina ƙwallo a zubar da kwalabe, ranar Alhamis bayan la'asar. Shi ne na huɗu a ƙungiyar diwaniya, wato zauren hirar Shamlan, yayan matarsa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun daga Juma'a yake ɗokin Alhamis. Yana son kujerar nan fiye da duk kujerun da ya hau a ofis.

Ba gwani ba ne. Ƙwallonsa tsohuwa ce ta roba mai santsi, inda ya jefa ta nan take bi sak, har aka sa masa suna Rula. Amma Rula ba ya ba da kunya. Cikin kwalaben nan goma da ke jere a ƙarshen layi zai kwashe bakwai ko takwas, ya dawo ya share ragowar, ya zauna ya sha shayinsa.

Ana cikin shan gahawa a diwaniya Shamlan ya jefo maganar, yana jan carbi yana kallon silin.

"Bu Sagar, kai ɗan gida ne, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Gasar unguwanni ta matso, kuma Talal mijin 'yata ya dawo daga Amurka da hannu mai kyau."

"Ƙungiya mutum huɗu ce, Bu Ganim."

"Shi ya kawo maganar. Alhamis ta sama ku gwada, kai da shi. Wanda ya fi zubar da kwalabe, kujera tasa."

"Ni da Talal? Yaron da na ɗauka ya yi mini fitsari a rigata dishdasha?"

"Ai ya daina," in ji Hamud, tsohon abokin Barrak kuma na uku a ƙungiyar. "Yanzu kwana yake sha. Ƙwallonsa sai ta je bakin kwata sun gaisa sannan ta juyo. Taka kuwa kamar wadda aka aika aka ce kada ta tsaya a hanya."

Aka kwashe da dariya. Barrak ma ya yi.

Washegari ya je shagon da ake sayar da ƙwallaye. Saurayin shagon ya dubi jifansa sau ɗaya, ya ɗauko wata shuɗiya mai ratsin ja.

"Baffa, wannan ta 'yan koyo ce, ita za ta fi maka."

"'Yan koyo? Ina jefa ƙwallo tun kafin ubanka ya san ƙofar gidan su uwarka."

"Koyon kwana nake nufi, Baffa. Manyan nan za su fi ƙarfinka."

Barrak ya karɓa, da sharaɗin a bar kwalin a shago. Saurayin yana huda mata ramukan yatsu yana zuba bayani: fatarta ba irin ta robar nan ba ce, tana shan mai. A farkon layi, inda inji ke shafa mai, sulalewa take yi, sai ta isa busasshen katako ta kama shi ta sha kwana. Ya ci gaba da wata magana a kan tawul da gogewa, amma Barrak ya riga ya ji abin da zai ji. Tana shan mai. Wata ƙauna ta kama shi nan take, ya ce a ransa ashe 'yar gida ce.

Da hantsi yake zuwa gwaji, lokacin da ba kowa, kuma lokacin da layukan suke a bushe ƙayau, don yaran bikin zagayowar haihuwa na jiya sun kwashe man tas, inji kuwa bai fito ba tukuna. Jifan farko ƙwallon ta kama katako tun a tsakiyar hanya, ta yi hagu da gudu ta faɗa kwata. Barrak ya tsaya baki buɗe. Bai taɓa ganin abin da ya jefa ya canza ra'ayi a hanya ba. Ya matsa hagu, ya auna dama can bakin kwata, ya sake ta. Ta je, ta yi kamar za ta faɗa, ta juyo ta shiga haƙarƙarin kwalaben ta zubar da su duka.

Wata ranar ya samu layi mai ɗan sauran mai, sai ta yi kwanan cikin ladabi, a hankali, can kusa da ƙarshe. Da mai lura ne, da ya ce katakon ne ya bambanta. Barrak ya ce wuyan hannunsa ne ya ƙara laƙantar abin. Ya sayo masa maɗauri na fata, ya daina ɗaukar butar shayi da dama.

"Bu Sagar, hannun ne ya karye?" in ji Lulwa matarsa.

"Ajiye shi nake yi, Umm Sagar. Ba a wasa da kayan aiki."

A diwaniya kuwa ba a ƙara jin muryar kowa ba. Ya ce ƙwallon daga Amurka aka yi masa odarta ta musamman. Ya zana kwanan a kan kafet da bakin cokali. Ya hana a sake kiransa Rula, ya ce Rula ya rasu, Allah Ya ji ƙansa.

Abu ɗaya ya dame shi. Ya lura duk jifa ƙwallon kan dawo da zoben mai a jikinta, kafin ya sha ruwa ya juyo ta shanye shi. Gaskiyar yaron shago ke nan. Amma wane irin mai? Man ƙasa, wanda inji ke fesa wa katako. A garin nan ba a sallamar baƙo sai an zaga masa da turaren wuta an ɗiga masa udu a bayan hannu, sannan a ce baƙuwar da mutuncinsa ke hannunta tana lasar daɓe? Ranar Laraba bayan abincin rana ya buɗe kabad ya fito da ragowar kwalaben udun da yake sallamar tsofaffin ofis da su. Ya ɗora ƙwallon a kan matashi, ya ɗiga mata. Ta shanye. Ya ƙara. Ba a yi wa baƙo rowar ƙari, don haka ya yi ta ɗurawa yana murzawa har ta daina karɓa, ta yi sheƙi tana naso.

Lulwa ta leƙo, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Ko ranar aurenmu ba ka shafa mini haka ba."

"Ke ai ba kya shan kwana."

"Da ina sha da tuni na sha," in ji ta, ta ja ƙofa.

Ranar Alhamis suka tarar an shirya layukan irin na gasa. Inji ya malala mai mai kauri har kusa da kwalaben, katako sai walƙiya yake yi. Talal ya durƙusa ya leƙa, ya girgiza kai.

"Baffa, yau man ya yi yawa."

"Mai ba ya yawa, yaro," in ji Barrak, ya zuge jaka.

Ƙamshi ya tashi ya cika zauren. Mutanen layin gefe suka fara waige-waige suna neman inda amarya ta shigo. Barrak ya gyara maɗaurin hannu, ya matsa hagu, ya auna bakin kwata, ya saki. Ƙwallon ta sulale ta isa inda ta saba juyowa, ta wuce sak kamar ba ta taɓa jin labarin kwana ba, ta tsinci kwalba ɗaya ta gefe. Jifa na biyu ko kwalbar ba ta samu ba. Ƙwallon 'yan koyo dama ba ta da haƙoran cizon layi mai mai da yawa, balle wadda aka ɗura wa udu har wuya.

Shi ma Talal ba wani abin kirki yake yi ba. Ƙwallonsa mai tsada tana juyowa a makare, yana barin kwalabe tsaye nan da can. Hamud ya lura, ya matso ya raɗa wa abokinsa.

"Rula, saurara. Ta koma irin tsohuwarka. Tsaya a tsakiya ka jefa sak yadda ka saba, wallahi za ka ci yaron nan."

Gaskiya ne, kuma Barrak ya san gaskiya ne. Bakwai-takwas ɗinsa na kullum sun ishe shi yau. Amma ga Shamlan zaune, ga mutanen diwaniya da suka zo kallon kwanan da aka zana musu a kafet. Ya tsaya a tsakiya, ai ya tono Rula daga kabari ke nan a gaban jama'a.

"Ƙishirwa take ji," ya ce. Ya zaro ƙaramar kwalba daga aljihu ya ƙara mata.

Haka aka ƙare. Talal ya ci ba tare da ya yi gumi ba, ya zo ya sumbaci Barrak a ka kamar yadda ake yi wa manya. Shamlan ya miƙe ya yi gyaran murya. Ya ce ƙwarewa irin ta Bu Sagar ta wuce a ɓata ta a jifa, ya ce yara suna bukatar wanda za su jingina da shi, saboda haka daga yau shi ne babban mai ba ƙungiya shawara. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar turare. Aka yi tafi.

Barrak ya san jawabin kalma da kalma, shi ya koya wa Shamlan a hirar diwaniya yana dariya. Abin da bai sani ba sai yau shi ne zafinsa. Ya karɓi kwalbar ya yi godiya, kamar yadda duk tsofaffin nan suka yi masa.

Ya jefa jakar a but ɗin mota ya manta da ita. Ana tsakiyar bazara, zafin da ke narkar da kwalta. Ranar da ya buɗe but ɗin ya tarar ƙwallon ta yi gumi, ta amayar da udun duka, jaka ta jiƙe sharkaf. Ya goge ta da tawul yana tsaki. Da yake ba shi da wurin zuwa, sai ya wuce Salmiya da hantsi.

Layin a bushe yake. Ya jefa ba tare da ya ko ɗaura maɗauri ba. Ta je bakin kwata, ta juyo, ta kwashe goman duka. Barrak ya waiwayo da hannu a sama, ya tarar da kujeru babu kowa sai takalmansa.

Wayarsa ta yi ƙara. Shamlan ne.

"Babban mai ba da shawara, shawara muke nema. Udun nan da ka shafa wa ƙwallonka, uwargida Umm Ganim ta ji shi a rigata ta ce sai na samo mata. A ina ake sayar da shi?"

Barrak ya ji daɗin kiran, ya kuma ji kunyar jin daɗin. Sunan shagon kalma biyu ne. Amma ya zauna a kujera, ya fara kwatance tun daga bakin kasuwa, lungu-lungu, a hankali, don kada a yi saurin kashe wayar.