Gurbi na Goma

Ofishinmu aka ɗora wa aikin tsara jerin waɗanda za a fara ba wa man fetur a ranar da ya yi wuya. Gurbi goma kacal, na sha ɗaya sai dai haƙuri. Sati uku muna cacar baki, har na samu na cusa masu injin niƙa a na goma. Ba zan ɓoye ba, saboda Baba na yi. Da injin niƙansa ya biya mini makaranta.

Na tafi shagonsa da takardar ina ta rawar kai. Ya kashe injin, ya goge garin hannunsa a riga, ya ɗora tabarau.

"Asibiti, na ɗaya. Madalla. Famfon ruwa, na biyu. To 'yar nan, shi mai tada famfon, da ƙafa zai je?"

"Akwai motar ma'aikata a na shida, Baba."

"Af, ashe kuna da kai."

Baba akwai bin diddigi, ko allura ka ba shi sai ya tambayi wanda ya huda ta. Ina za a ajiye man? Wata nawa yake yi bai lalace ba? Wa ke riƙe da makulli? Ina amsawa ina jin daɗi. Sai ya bi jerin da yatsa, sama da ƙasa, har sau biyu.

"Ita tankar da za ta ɗauko man daga ma'ajiya fa? Ruwa take sha?"

Na fizge takardar. Kai! Mu bakwai, kowa da digirinsa, babu wanda ya tuna da tanka. Kunya ta kama ni, sannan na gane gurbin da za a cire.

"Ba wanda ya lura, Baba," na ce a hankali. "Gobe za a sa hannu."

"Ni na lura."

"Injinka zai tsaya fa."

"In tankar ba ta tashi ba, da me zan tada shi? Da sunana a takarda?"

Ya zaro biro daga bayan kunnensa ya miƙo mini. Na soke na goma a kan buhun da ke gabana, na rubuta tanka a gurbin. Shi kuwa tuni ya juya yana shafa belin injin, yana tambayata ko na san inda ake sayar da dutsen niƙa yanzu.