Sirdi Ba Soso

Mai-Inji ya danne soson da gwiwa, ya ja robar da haƙori, ya zagaya da ita ta ƙarƙashin sirdin ya ɗaure tam. Soson daga tsohuwar katifa ya yanko shi, robar kuma tsohon tiyub ne ya tsaga. Ya ja da baya ya duba keken. Yanzu dai abin ya fara kama da wurin zaman ɗan Adam.

"Malam, yaron nan cewa ya yi kada a ɗora masa komai," in ji matarsa daga bakin ƙofa, tana riƙe da kwanon abincinsa na rana.

"Yaron nan ne zai zauna ko ni?"

"Kai ne."

"To."

Yaron da ake magana a kansa surukinsa ne, mijin 'yarsa Auta, wanda kowa ke kira Dogo. Ma'aikacin ofis ne, amma duk ƙarshen mako sai ya bi wasu irinsa su yi ta gudu a kan keke, ba saƙo suka kai ba, ba kaya suka ɗauko ba. Shi ya kawo sirdin ya ɗaura da hannunsa. Wani abu ne baƙi siriri mai ƙyalli, ba fata ba auduga, ga tsaga a tsakiya kamar an fara sara an fasa. Wai kabon ake ce masa. Da Mai-Inji ya ɗaga shi, bai kai nauyin murfin kwano ba. Ya ƙwanƙwasa da farce ya ji ƙas-ƙas, ya faɗa a gaban kowa cewa ko ɓarawo aka kama ba a zaunar da shi a kan wannan ba.

Tun Auta na goye yake kula da injin ban ruwa a wata gonar lambu can bayan gari, inda kwalta ta ƙare, mota ba ta shiga. Keke ne ƙafarsa. Sai bana wani abu ya same shi a ƙasa, wurin da babba ba ya ambata. In ya sauka daga keke wurin ya mutu kamar ba a jikinsa yake ba, fitsari kuma sai da jira da nishi. Ya ɓoye, matarsa ta gane daga daɗewarsa a banɗaki, ta gaya wa Auta, Auta ta ja shi asibitin da take aiki a ɗakin magani. Likita ya rubuta magani, ya ce tsohon sirdin nan mai tudun soso shi ke danne masa jijiyoyi, ko dai a sauya sirdi ko a ajiye keke. Auta ta zaɓi ajiyewa, har ta sayo kwaɗon kulle keken. Dogo ne ya roƙi a gwada nasa tukuna. Aka tsaya a kan cewa yau zai je ya dawo, da yamma su zo su ji. In abin bai sake shi ba, kwaɗo ya hau keke, aiki kuma ya ƙare.

"Ko faɗina bai sani ba, ya je ya kwaso mini harshen takalmi," in ji Mai-Inji yana ɗaure kwanon a kariya.

"Ya sani. Ka tuna kwalin da na shimfiɗa maka a benci na ce benci ya jiƙe? Shi ya ba ni. Ƙasusuwanka suka lotsa kwalin, ya sa abin awo ya auna."

Ya juyo ya dube ta da kyau.

"Wato ke da surukinki kuka haɗu kuka auna ni."

"Kunya ce ta hana shi tambayarka."

"Kunya ta yi aiki," ya ce, ya tura keken waje.

A cikin gari abin ya yi masa daɗi. Soso soso ne. Ya ratsa ta bayan kasuwa inda masu kaya ke sauke buhuna, ya kauce wa wata bas da ta tsaya a tsakiyar titi tana lodi, ya ji kansa kamar mai zaune a kujerar falo. Har ya fara shirya maganar da zai gaya wa Dogo da yamma, gajeriya, wadda za ta daɗe tana yi masa ƙaiƙayi.

Kafin ya kai gada soson ya ɗumame. Ya lotsa a gefe biyu inda nauyi yake, ya taru a tsakiya ya cika tsagar nan ya yi tudu, tudun kuma ya sami wurin da likita ya nuna a hoto ya zauna daram. Mai-Inji ya gyara zama zuwa hagu. Ya gyara zuwa dama. Ya miƙe tsaye a kan feda kamar yaro, gwiwoyinsa suka ce ba da su ba. Da ya wuce masana'antar bulo ya san abin ya dawo, irin mutuwar nan mai tafiya a hankali kamar ruwa a tsumma.

Ya jingine keken a bayan wata katanga da ba a gama ba, ya tsuguna. Ya jira. Wata akuya ta zo ta tsaya tana kallonsa, ta gaji ta tafi. Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ya daɗe a tsugune yana kallon ƙasa, yana ganin kansa a kan benci a ƙofar gida da rana tsaka, yana amsa gaisuwar masu zuwa aiki.

A mahaɗar da kwalta ke ƙarewa akwai rumfar mai faci, tsohon abokin faɗansa. Dab da rumfar tayar gaba ta faɗa rami, robar ta tsinke ta zabge shi a cinya, soson ya sulale ya faɗa kwata mai baƙin ruwa. Mai faci ya ajiye famfo ya taso yana dariya tun kafin ya iso.

"Mai-Inji, wa ya cinye maka sirdi ya bar ƙashi?"

"Kana da soso?"

"Ni faci nake yi, ba katifa ba." Ya shafa abin da yatsa, ya leƙa ta cikin tsagar da ido ɗaya. "Wannan ramin fa? Na ajiye canji ne?"

"Na surukina ne."

"Me ka yi wa yaron? Ai da ka ba shi haƙuri."

"Ba ni ko tsumma ne."

Tsumman da ke rumfar duk baƙin mai ne. Rana ta riga ta ɗaga, injin gona kuma ba ya tayar da kansa. Mai-Inji ya yi tsaki ya hau abin haka nan tsirara.

"In ka rabe biyu a hanya, wane ɓangare za mu kai gida?" mai faci ya ɗaga murya a bayansa.

Bai juya ba.

Zaman farko ya ji kamar an ɗora shi a kan dutsen niƙa. Ƙasusuwa biyu na zama suka sami wuri mai tauri suka tsaya cak. Ya zagi kabon, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya zagi ofisoshin da ke barin mutane da sauran ƙarfin yin wasa da keke. Hanyar ƙasa ce, duk tsakuwa da sawun tarakta. Yana jiran ramin da zai tsaga shi, sai ya lura in taya ta daki dutse gefen sirdin yakan ɗan lanƙwasa ya dawo, kamar reshe ɗanye. Cinyoyinsa na wucewa ba abin da ke gugar su. Ya ci gaba da zagi, amma zagin ya fara rasa abin kamawa.

Wajen layin dogayen itatuwan da ke kaiwa gona ya ji wani tsiko-tsiko a ƙasa, irin na ƙafar da aka daɗe a kanta in jini ya fara komawa. Ya rage gudu ya saurari jikinsa. Nauyinsa duka yana kan ƙashi biyu. Tsakiya ba abin da ya taɓa ta, iska ma ke wucewa.

"Kai, wannan yaro," ya faɗa a fili. Haushi ya ƙara kama shi fiye da na safe.

Ya tarar da mai gonar a bakin ɗakin inji yana kallon agogo. Mai-Inji ya duba mai, ya matse bel, ya murɗa hannun injin. Injin ya yi tari ya kama, tiyo ya kumbura, ruwa ya kama hanyar kwalbatoci.

"Na ji an ce jiki ya motsa, Baba," in ji mai gonar. "In hanyar ta fara yi maka nisa ka faɗa mini da wuri. Akwai wani mai babur da ke ta yi mini naci."

"Babur zai tayar maka da inji?"

"Ni dai na ce ka faɗa da wuri."

"Na ji."

Da rana ya zagaya bayan ɗakin inji. Bai daɗe ba ya dawo. Ya wanke hannu, ya buɗe kwanonsa, ya ci abinci yana hararar keken da ke jingine a inuwa kamar wanda ya ci shi a gardama.

Dawowa ta fi tsawo, kullum haka take, ga iska a gaba. Ƙasusuwan nan biyu suka yi tsami sosai, amma tsami ne da ya sani, irin na kafaɗa bayan an sha ɗaukar kaya. Ɗaya abin bai dawo ba. Mai faci ya ɗaga masa hannu yana tambaya ko har yanzu mutum ɗaya ne, ya wuce shi kamar bai ji ba. Tun daga gada har bayan kasuwa yana neman yadda zai faɗi maganar ba tare da ya faɗe ta ba. Bai samu ba.

Ya tarar da su a tsakar gida. Auta na zaune kusa da uwarta da kayan aiki a jikinta, kwaɗon a kan cinyarta. Dogo ya miƙe ya karɓi keken, ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa ya sauka kan sirdin ya ɗauke da sauri. Mai-Inji ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya sake sha.

"Baba, yaya?" in ji Auta.

"Yaya me?"

"Sirdin."

"Dutse ne. Na faɗa tun farko. Duk ƙashina ciwo yake."

Auta ta dubi uwarta, ta dubi mijinta, ta juya kwaɗon a hannu.

"To shi ke nan. An gwada. Gobe sai a aika wa mai gonar."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya laluba aljihu ya fito da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ya ɗaura sirdin da shi.

"Ka yi haƙuri, Baba, na wahalar da kai. Bari in cire in mayar da tsohon."

Ya sa ƙarfen a kan kusar sirdin, ya fara murɗawa.

"Wa ya ce ka taɓa?"

Hannun Dogo ya tsaya.

"Baba, ai ka ce..."

"Na san abin da na ce."

Auta ta buɗe baki, uwar ta dafa mata gwiwa.

"Malam," ta ce a hankali, "ƙashi daban, abin da ya kai mu asibiti daban. Shi muke tambaya. Yara ne, amma ɗaya ma'aikaciyar asibiti ce, ɗayan kuma ya riga ya auna ka."

Dogo ya ƙura wa tayar baya ido kamar yau ya fara ganin taya. Mai-Inji ya dubi kofin da ke hannunsa. A rayuwarsa bai taɓa zaton zai zauna a gidansa yana ba mijin 'yarsa labarin abin da ke cikin wandonsa ba. Ya dubi kwaɗon. Sabo ne, mai kauri.

"Wancan babu," ya ce.

"Babu kamar yaya, Baba? Ya ragu ko..."

"Auta, na ce babu. Da soso akwai, da ya faɗi babu. Sai na zana miki?"

"Wane soso?" in ji Auta.

"Bar wannan," in ji uwar.

Auta ta daɗe tana kallon fuskarsa, irin kallon da take yi wa masu cewa sun shanye magani alhali ba su sha ba. Sannan ta jefa kwaɗon a jaka.

"Amma za ka koma wurin likita ya sake dubawa. In ya ce a'a, a'a ce."

"In na sami sarari."

"Zan samo maka."

Dogo ya mayar da kusar ya ƙara matsewa. Murna ta hana shi tsayawa inda ya kamata. Ya je wurin jakarsa ya dawo da wani abu a leda, ya miƙa da hannu biyu.

"Ciwon ƙashin na 'yan kwanaki ne, Baba, zai saba. Amma wannan na taimakawa. Soson a jikin wando ake sa shi, ba a kan sirdi ba."

Mai-Inji ya zaro shi da yatsa biyu. Gajeren wando ne baƙi mai santsi, ko rabin cinyarsa bai kai faɗi ba, an ɗinka masa wani fallen soso a gindi. Auta ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa. Matarsa ta sami abin gyarawa a bakin zanenta.

Ya ja wandon ya ga yana miƙewa. Ya saki ya koma. Ya matsa soson da babban yatsa.

"Wannan a waje kuke yawo da shi?"

"Mu a waje, Baba. Amma ana iya sawa a ciki, a ɗora wando a kai."

"Ba mai gani?"

"Ba mai gani."

Mai-Inji ya ninke shi ya tura ƙarƙashin cinyarsa.

"In mai faci ya ji wannan magana," ya ce, "na san bakin mutum uku."