Kujerun Aro

Takardar neman tallafin karatu shafi shida ce, kuma duk cikinta babu layi ɗaya da ya tambayi ko akwai mara lafiya a gida. An tambayi albashin uba, an tambayi yawan ɗakuna, har firji sai da aka tambaya. Injiniya, kamar yadda 'yan gida ke tsokanarta tun da ta shiga kwalejin fasaha, ta rubuta albashin Baba tana jin kamar ta yaga takardar. Albashi ne mai kyau a ido, don Baba shugaban direbobi ne a wani kamfanin sufuri. Sai dai sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda, kafin goma ga wata asibiti ya lashe kuɗin tas. In ba ta biya kuɗin rajista kafin ƙarshen wata ba, shekararta ta ƙarshe ta bi ruwa.

Ofishin tallafi ya ce zai turo mai bincike ranar Laraba ya ga halin gidan da idonsa. Ta faɗa wa Umma, ta yi tafiyarta makaranta. Nan ta tafka kuskure.

Da ta dawo, sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta tabbatar gidansu ne. Ga kujerun maƙwabta uku a falo, ga labulen Gwaggo, ga talabijin ɗin gidan tela a gurbin nasu da aka sayar bara. An soya kaza a gidan da ya yi wata biyu bai ga nama ba. Kwalayen magani an cusa su ƙarƙashin gado. Baba kuwa, wanda da safe sai da aka riƙe shi zuwa banɗaki, yana zaune daram cikin riga mai dogon hannu yana yi wa baƙo fara'a.

"Yaya jiki, Baba?" in ji mai bincike, biro a hannu.

"Lafiya lau, ɗana. Ɗan abin da ba a rasa ba."

"Kuɗin asibiti fa, bai yi muku nauyi ba?"

"Mun gode Allah, asirinmu a rufe yake. Ƙara nama mana."

Ya ƙara kuwa, bai yi fulako ba. Bayan kwana biyar amsa ta zo, layi biyu kacal: iyali na cikin wadata, ɗaliba ba ta cancanta ba.

Ta samu Umma a kicin, ta dangwara mata takardar a kan tire.

"Ga ladan kazarki nan, Umma."

"Ke, ki iya bakinki. Baƙo zai shigo gidana ya zauna a ƙasa?"

"Ƙasan aka turo shi ya gani! Shekara uku ina wahala, kun sayar da ita don kada wani ya ce ba mu da kujera."

"To so kike ubanki ya yi bara a gaban sa'an ɗansa?"

"So nake a faɗi gaskiya sau ɗaya a gidan nan."

Ba ta sassauta murya ba, alhali ta san bango ɗaya ne tsakaninsu da gadon Baba.

Da ta koma ofis da rasitan asibitin Baba, jami'ar tallafi ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce abin da mai bincike ya gani shi ya rubuta. Rasitan asibiti kuwa kowa yana iya bugo su a kasuwa, don haka kwamiti ya fi yarda da hoto. Za a sake ziyara sau ɗaya, daga ita babu wata.

Ran da mai bincike ya dawo, falo babu komai sai tabarma. Injiniya ta shirya jawabi, amma ba ta kai ga buɗe baki ba. Baba ya fito yana dafa bango, daga shi sai singileti. Ba ta taɓa ganin hannun da ake yi masa wankin ƙoda ta nan a buɗe ba: ya kumbura, ya yi baƙi, allura ta huda shi ta ko'ina. Ya zauna a ƙasa da ƙyar.

"Ɗana, ƙarya na yi maka rannan," in ji shi. "Ba ni da lafiya, ba ni da ko sisi, na gaza biya wa 'yata makaranta. Rubuta."

Mai bincike ya fito da waya. Ya ce Baba ya ɗan matso wajen taga, haske bai isa ba. Ya ce ya ɗaga hannun sama kaɗan. Ya ɗauki hoto, ya duba, ya ce a sake. Baba ya sake ɗagawa.

Injiniya ta kau da kai. Ta tsani mutumin, ta tsani kwamitinsa, ta fi tsanar bakinta.

An ba ta tallafin gaba ɗaya, saura kwana biyu a rufe rajista. Ta shiga ɗakin Baba da takardar, ta durƙusa a gefen gado. Yana kwance, fuskarsa na kallon bango.

"Baba, sun bayar."

"Madalla," ya ce, bai juyo ba. "Sun ce mutum nawa ne za su kalli hoton?"